Ƙwayar Ƙara Kuzari: Jikin Yaro Na Tona Asiri Tun Kafin Ɗakin Gwaji

A garin Plano da ke gefen birnin Dallas, a jihar Texas ta Amurka, an yi wani ɗan sakandare mai suna Taylor Hooton. Dogo ne mai fara'a, gwanin jifa a wasan besbol, wasan da Amurkawa da yawa ke ji da shi yadda ake ji da ƙwallon ƙafa a nan. Yana ɗan shekara 16 wani daga cikin masu horar da su ya ce masa in yana son gurbi a babbar tawagar makaranta, sai ya ƙara jiki. Cikin 'yan watanni Taylor ya ƙara kimanin kilo 13.

Jikin bai zo shi kaɗai ba. Ƙuraje suka feso masa a gadon baya, fuska ta kumbura, bakinsa ya soma wari. Yaron da kowa ya sani da daɗin zama ya koma mai saurin hasala. Yakan dunƙule hannu ya yi ta dukan ƙasa, wata rana ma ya naushi bango har ya ji ciwo a hannun da yake jifa da shi, in an jima kuma ya dawo da hawaye yana neman gafara. Kuɗi suka fara fita daga asusun iyayensa ba da saninsu ba. Da hankalinsu ya ƙi kwanciya suka sa aka yi masa gwajin ƙwaya, sakamako ya fito babu komai. Ashe gwajin irin su wiwi da hodar iblis yake nema, ba ya duba sinadaran gina tsoka. Daga baya Taylor ya amsa wa likita cewa yana amfani da su, kuma ya daina. Ranar 15 ga Yulin 2003, wata guda bayan ya cika shekara 17, ya kashe kansa. Iyayensa da likitocin da suka bi lamarin sun danganta mutuwar da matsananciyar damuwar da ke biyo bayan daina waɗannan sinadarai.

Mahaifinsa, Don Hooton, ya kafa gidauniya da sunan ɗan a 2004, a watan Maris na 2005 kuma ya tsaya gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka ya ba da bahasi, a zaman da aka gayyaci manyan taurarin besbol irin su Mark McGwire da Sammy Sosa. Abin da ya yi ta nanatawa tun daga lokacin shi ne alamomin duk suna gabansu, kullum suna kallonsu, amma ba su san abin da suke kallo ba.

Abu biyu ne ke rufe idon iyaye da malamai. Na farko balaga. Ƙuraje, buɗewar murya, cin abinci kamar ba gobe, kulle kai a ɗaki da fushin da ba dalili, duk kayan samartaka ne, shi ya sa ƙwaya ke samun wurin laɓewa a bayansu. Na biyu ya fi wuyar faɗa: sakamakon yana yi wa kowa daɗi. Yaro ya ci kofi, makaranta ta yi suna, koci ya samu yabo, uba yana nuna hoto a majalisa. Ba a cika samun mai son tsayawa ya tambayi yadda aka yi ƙirjin ya buɗe haka cikin zango guda ba.

Kuma ba lamari ne na 'yan tsiraru ba. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke yi a kan ɗaliban sakandare ya nuna a 2003 kashi 6.1 cikin ɗari sun taɓa shan waɗannan sinadarai ko yin allurarsu ba da umarnin likita ba. Adadin ya sauka ƙasa da kashi 3 zuwa 2017, amma a ƙasa mai miliyoyin ɗalibai wannan ma yara ne dubbai masu yawa. A Afirka ta Kudu, gasar zari-ruga ta 'yan makaranta da ake kira Craven Week ita ce kasuwar da manyan ƙungiyoyi ke zuwa zaɓen 'yan wasa, kuma a gasar 2018 kaɗai yara shida gwaji ya kama da sinadaran gina tsoka a jikinsu.

Su waɗannan sinadarai, da ake kira sitiroyid, kwaikwayon testosteron ne, sinadarin da jikin namiji ke samarwa, wanda ke buɗe murya, ya fito da gemu, ya gina tsoka. Masana sun haɗa shi a ɗakin bincike tun 1935, kuma likitoci na amfani da shi da danginsa wajen jinyar jinkirin balaga da ramar da wasu cututtuka ke jawowa. Mai neman jiki kuwa yakan sha ninki goma zuwa ɗari na abin da likita zai rubuta. Yakan haɗa iri biyu ko uku, wani na haɗiya wani na allura, ya yi mako shida zuwa goma sha biyu yana sha, ya huta, ya sake komawa.

Babu amfanin gaya wa yaro cewa abin ba ya aiki, domin yana aiki, kuma yana gani a jikin abokinsa. A 1996 likita Shalender Bhasin da abokan aikinsa sun yi gwaji a kan maza baligai na tsawon mako goma. Waɗanda suka ɗaga ƙarfe kawai sun ƙara tsoka kimanin kilo 2. Waɗanda aka yi wa allurar testosteron suka zauna ba motsa jiki sun ƙara sama da kilo 3. Waɗanda suka haɗa biyun sun ƙara sama da kilo 6. Wannan lissafi shi ke ba da alama ta farko kuma mafi ƙarfi, wato sauri. Tsokar gumi a hankali take zuwa, wata bayan wata. Idan yaro ya tafi hutu siriri ya dawo da kafaɗu kamar an ɗora masa, akwai tambaya.

Inda jikin ya ƙaru ma abin lura ne. Tsokar wuya da kafaɗa da saman ƙirji ta fi saurin amsa wa sinadarin, sai a ga wuya ya yi kauri, tudun da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya taso, hannuwa sun daina kwanciya a gefen jiki. Fata ba ta iya bin wannan sauri, sai nankarwa ta fito a gaban hammata da damtse, mai ja ko shuni a farar fata, mai duhu ko haske a baƙar fata. Fuska da ƙafa na iya kumbura saboda ruwan da jiki ke riƙewa. Fata ta yi maiƙo, ƙuraje manya masu zafi su mamaye baya da kafaɗu da ƙirji, wuraren da ƙurajen balaga ba su cika tsananta ba.

A gidan Bahaushe akwai wata matsala a nan. Da zarar yaro ya balaga ya koma ɗakin samari ko shagon ƙofar gida, uba ya daina ganinsa ba riga, uwa kuma kunya ta shiga tsakani. Waɗanda ke ganin jikin da kyau wasu ne daban. Telan da ya auna shi da ƙaramar Salla, ya sake aunawa da babba, ya ga wuya da kafaɗa sun ƙaru sosai amma tsawon riga na nan inda yake. Mai askin da ke ganin ƙurajen ƙeya da gashin goshi na ja da baya a kan ɗan shekara 17. Malamin wasanni da ke tsaye lokacin da ake sauya riga, da malamin ɗakin kwana a makarantar kwana. Uban da ya saba da waɗannan mutane, yana tsayawa su gaisa, ya fi mai jiran ranar karɓar sakamako samun labari.

Zancen tsawon rigar nan ba na wasa ba ne. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsin da daga nan tsawo ke ƙaruwa, kuma jiki na rufe shi ne idan ya ji sinadaran balaga sun kai wani mataki. Sitiroyid na yaudarar jiki ya ɗauka an kai wannan mataki, sai ya rufe ƙofar tun lokaci bai yi ba. Yaron da ya fara yana ɗan 14 ko 15 na iya rasa tsawon da ya kamata ya samu, kuma babu maganin da ke dawo da shi.

Akwai alamomin da yaro zai ɓoye iya ƙarfinsa. Jiki na mayar da rarar testosteron zuwa sinadarin mata, sai nono ya fara tasowa a ƙirjin saurayi, da ɗan tauri da zafi a ƙarƙashin kan nonon. Wanda a da yake cire riga ya yi ta nuna ƙwanji, sai a ga ya koma saka riga biyu ko a watan bazara. 'Ya'yan maraina kuma su ƙanƙance, domin ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya yi yawa a jini ta ba su umarnin su daina aiki, maniyyi ya ragu, abin da kan zama matsalar haihuwa daga baya. Irin na haɗiya sun fi cutar da hanta, alamarsu kuma ita ce shawara: farin ido ya koma rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. Hawan jini a yaro ɗan wasa, yawan haɓo, ciwon kai, da tsinkewar jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, duk suna cikin jerin, domin tsoka na girma da saurin da jijiyar ba ta iya bi. Zuciya ma tsoka ce, tana kauri, amma wannan ba a gani da ido sai a asibiti, wani lokacin kuma sai bayan mai ita ya faɗi.

A wajen 'yan mata alamomin sun fi fitowa fili, kuma duniya ta koye su ne daga tsohuwar Jamus ta Gabas. Gwamnatin ƙasar ta gudanar da shiri na sirri daga shekarun 1970 har faɗuwar katangar Berlin a 1989, inda aka kiyasta an ba 'yan wasa kimanin dubu goma magunguna, da yawansu yara ne 'yan makarantun wasanni. Ana ba su wasu ƙananan ƙwayoyi shuɗɗa masu suna Oral-Turinabol, a ce musu bitamin ne. A gasar Olamfik ta Montreal a 1976 'yan matan ƙasar sun kwashe zinare 11 cikin 13 na ninƙaya. Abokan karawarsu sun yi ta mamakin faɗin kafaɗunsu da kaurin muryoyinsu a ɗakin sauya kaya, da aka yi maganar kuma aka ruwaito wani jami'in tawagar ya mayar da martani cewa ninƙaya suka zo yi, ba waƙa ba. Rica Reinisch ta ci zinare uku a Mosko a 1980 tana 'yar shekara 15, daga baya ta sha fama da ciwon jakar ƙwan haihuwa da ɓarin ciki. Heidi Krieger, wadda aka fara bai wa ƙwayoyin tana 'yar 16, ta zama zakarar Turai a jifan dalma a 1986, jikinta ya rikiɗe har a 1997 aka yi mata aikin sauya jinsi ta koma Andreas Krieger. A shekarar 2000 wata kotu a Berlin ta samu shugaban wasannin ƙasar Manfred Ewald da babban likitan shirin Manfred Höppner da laifi, amma hukuncin ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka kawai aka yanke musu.

Abin da uwa za ta lura da shi ke nan a jikin 'yarta mai tsere ko ɗaga ƙarfe: murya ta yi kauri ko ta dushe ba tare da mura ba, gashi ya fito a haɓa da saman leɓe da ƙirji, na kai kuma ya fara zubewa, ƙirji ya ragu, al'ada ta rikice ko ta ɗauke. Ɗaukewar al'ada ita kaɗai na iya zuwa daga horo mai tsanani da ƙarancin abinci, wanda shi ma na buƙatar likita. Idan ta haɗu da sauyin murya kuwa, kada a jira. Muryar da ta buɗe ba ta cika komawa yadda take ba ko an daina sha.

Sauyin hali ya fi na jiki rikitarwa, domin fuska biyu gare shi. Lokacin da yaro ke kan sha yakan ji kamar babu mai iya tare shi. Barci ya ragu, surutu da cika baki su ƙaru, ƙaramin abu ya tunzura shi. Ƙaninsa ya taɓa masa waya sai mari, alƙalin wasa ya busa masa sai ya yi kansa. Ba kowane mai sha ne ke zama haka ba, amma wanda abin ya kama, mutanen gida sukan ce kamar an sauya shi. Fuska ta biyu tana zuwa ne idan ya daina. Jikinsa ya riga ya dakatar da samar da nasa testosteron, na waje kuma ya yanke, sai ya zauna babu ko ɗaya na tsawon makonni ko watanni. Kasala ta rufe shi, sha'awar komai ta mutu, tsokar da yake alfahari da ita ta fara zagwanyewa a gaban idonsa. A wannan gaɓa ce damuwa ke kai wasu ga tunanin kashe kai, kuma a wannan gaɓa ce iyaye kan saki jiki, suna ganin ai rigima ta wuce tunda yaro ya yi sanyi. Yaron da ya yi wata uku yana tada jijiyar wuya, sannan kwatsam ya koma kwance a ɗaki ba ya cin abinci ba ya zuwa fili, ya fi buƙatar a sa masa ido fiye da lokacin da yake faɗa.

Likitan ƙwaƙwalwa Harrison Pope na jami'ar Harvard ya bayyana wata larura da ke tafiya tare da wannan tun a shekarun 1990: saurayi ya cika ya batse amma in ya kalli madubi sai ya ga kansa a rame. Irin wannan yaro yakan auna damtsensa kullum, ya hau sikeli safe da yamma, ya ƙi zuwa biki ko ziyara don kada ya rasa lokacin ɗaga ƙarfe, ya tada hankalin gida a kan ƙwai da nama.

Sauran shaidar tana cikin ɗaki da aljihu. 'Yan kwalabe masu murfin roba da ruwa mai kama da mai a ciki, sirinji da allurai a cikin takalmi ko ƙasan katifa, ƙwayoyi a leda ba kwali ba suna, saƙon da ake aikowa daga intanet wanda ba ya son kowa ya buɗe. Allurar a ɗuwawu ko cinya ko kafaɗa ake yin ta, sau da yawa aboki ne ke yi wa aboki, don haka ɗingishi ba tare da an ji ciwo a fili ba, ko maruru a ɗuwawu, ko zama a gefe ɗaya, abin tambaya ne. Allura ɗaya a tsakanin yara uku kuwa hanya ce ta ciwon hanta da cutar ƙanjamau. Sai kuɗi: abin yana da tsada, kuma kuɗin makaranta ko wayar da aka ce ta ɓata na iya zama can suka tafi. Sai sababbin abokai da suka girme shi, waɗanda ya haɗu da su a wurin ɗaga ƙarfe kuma ba ya son su zo gida.

Ba duk mai neman nasara ne ke neman tsoka ba. Wani kuzari yake nema, sai ya faɗa wa magunguna masu zaburarwa irin su amfetamin da efedrin. Alamarsu rashin barci, rashin cin abinci, rama, rawar hannu, bugun zuciya da sauri, ƙwayar ido ta buɗe, da zufa fiye da kima. Haɗarinsu shi ne suna toshe kunnen mutum daga jin gargaɗin gajiya da zafi. Sean Riggins, ɗan sakandare mai shekara 16 a jihar Illinois, ya mutu da bugun zuciya a 2002 bayan shan ƙwayoyin ephedra da ake sayarwa a shaguna a lokacin. A 2004 Amurka ta haramta su.

Wani kuma nauyi yake son ragewa, musamman a wasannin da ake raba mutane bisa kilo, kamar dambe da kokawa da ɗaga ƙarfe. Nan ne maganin sa fitsari ke shigowa, kuma nan ne Nijeriya ta sha kunya a gasar ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Glasgow a 2014. Chika Amalaha, 'yar shekara 16, ta ci zinare a ajin kilo 53 na ɗaga ƙarfe, aka yi ta murna. Kwanaki kaɗan bayan haka gwaji ya nuna amiloride da hydrochlorothiazide a fitsarinta, magungunan da ke fitar da ruwa daga jiki, waɗanda kuma ake amfani da su wajen ɓoye sawun wasu ƙwayoyin. Aka ƙwace lambar aka bai wa Dika Toua ta Papua New Guinea. Yaron da ke shan irin wannan za a ga yana yawan zagayawa, leɓɓansa a bushe, jiri na ɗibarsa in ya miƙe, tsoka na ɗaure masa, nauyinsa na sauka da kilo biyu ko uku ana gobe awo sannan ya dawo jibi. Tambayar da labarin Amalaha ya bari ita ce yadda yarinya mai shekara 16 ta san sunan waɗannan magunguna da lokacin shansu. Dokar hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, wadda aka kafa a 1999, ta tanadi cewa idan aka kama ƙaramin yaro dole a binciki manyan da ke kewaye da shi, kuma wanda aka samu ya ba yaro ƙwaya na iya fuskantar haramci na har abada.

A filayen unguwa na Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram kuwa, abin da ya fi kusa da hannun yaro shi ne tiramol. Maganin ciwo ne dangin kodin, wanda leburori da 'yan acaba suka daɗe suna sha don su jure aiki, 'yan ƙwallo kuma suka ɗauka don su yi minti casa'in ba su ji gajiya ko zafin rauni ba. Wasu a lemon ƙara kuzari suke narkar da shi, su ce caji suke yi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan magungunan ciwo ba bisa ƙa'ida ba. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta amince ne da mai ƙarfin miligiram 50 da 100, amma wanda hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ke kamawa a tashoshin ruwa da kasuwanni sau da yawa mai 225 ne. Tun 1 ga Janairun 2024 WADA ta haramta tiramol a lokacin gasa. Mai shan sa yakan yi ta soshe-soshe, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, bayan gida ya yi masa wuya, ya riƙa gyangyaɗi a aji bayan ya gama zabura a fili. Ranar da bai samu ba sai hamma da zufa da ciwon gaɓoɓi, kamar mai zazzaɓin cizon sauro. Alama mafi tsoratarwa ita ce jijjiga: yaron da ba shi da tarihin farfaɗiya ya yanke jiki ya faɗi yana kakkafewa a fili ko bayan wasa. Kafin a ce iska ce ko jifa aka yi masa don ya fi 'yan wasan ɗaya ɓangaren iyawa, a duba aljihun wandonsa, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da aka gani.

Akwai kuma masu zuwa kemis su sayi ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone, wanda wasu ke kira sha-ka-fashe, da zaton jiki za su gina. Wannan wani dangi ne daban, kuma akasin abin da suke nema yake yi: fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, ƙashi ya yi rauni, suga ya hau. Wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, sai likita ya rage masa a hankali.

Wani yaron ma bai san ya sha ba. Garin gina jiki da ƙwayoyin ƙarin abinci da ake tallatawa a Instagram da TikTok ba duka ne ke ɗauke da abin da aka rubuta a jikin gwangwaninsu ba. Wani ɗakin bincike a birnin Cologne na Jamus ya auna irin waɗannan kaya guda 634 daga ƙasashe 13, ya samu kusan kashi 15 cikin ɗari da sinadaran gina tsoka waɗanda ba a ambata ba. A dokar wasanni kuwa rashin sani ba hujja ba ce, abin da aka samu a jikin ɗan wasa shi ke da alhakinsa. Damola Osayomi ta Nijeriya ta rasa zinaren tseren mita 100 a gasar ƙasashe rainon Ingila ta Delhi a 2010 saboda methylhexaneamine, sinadarin da a lokacin yake cike da irin waɗannan kayan ƙarin abinci. Matashin da ke mafarkin samun tallafin karatu a wata jami'ar Amurka ta hanyar tsere ya kamata ya san ƙarshen wasu da suka bi wannan hanya kafin shi. Blessing Okagbare, wadda ta yi karatu a jami'ar Texas da ke El Paso, an cire ta daga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 ana tsakiyar wasanni saboda sinadarin ƙara girma, haramcinta ya kai shekara 11. Divine Oduduru, tauraron jami'ar Texas Tech, ya samu haramcin shekara 6 a 2023.

Mutum zai ce to a riƙa gwada yaran mana. Jihar Texas ta gwada wannan. A 2007 ta yi doka, daga 2008 aka fara ɗaukar fitsarin 'yan wasan sakandare ba zato ba tsammani. Zuwa 2015 da aka rufe shirin an yi gwaji sama da dubu 60, an kashe kusan dala miliyan 10, waɗanda aka kama kuma 'yan gomomi ne kawai. Masu goyon baya sun ce tsoro ne ya hana yara sha, masu suka suka ce gwajin ne ke da ramuka da yawa. Ko wanne ne gaskiya, ƙasar da makarantunta ke fama da rashin alli ba za ta iya wannan kashe kuɗi ba. Abin da ya fi araha, kuma bincike ya nuna ya rage sababbin masu sha da kusan rabi, shi ne shirin ATLAS da likitoci Linn Goldberg da Diane Elliot suka tsara a jihar Oregon a shekarun 1990. A cikinsa 'yan wasan ne da kansu ke koyar da junansu a ƙananan rukunai, koci na gefe, a kan abincin da ke gina jiki, da horon da ya dace, da gaskiyar abin da ƙwaya ke yi, daɗinta da ɗacinta. Wannan kam babu makarantar da za ta ce ya fi ƙarfinta.

Alama ɗaya ba ta isa a yanke wa yaro hukunci ba. Akwai masu ƙuraje da ba su taɓa ganin sirinji ba, akwai waɗanda Allah ya yi musu jiki, akwai masu zafin rai na gado. Abin da ke tada hankali shi ne a ga uku ko huɗu sun haɗu a lokaci guda, cikin 'yan watanni, a jikin yaron da ke fuskantar zaɓen tawaga ko wata babbar gasa.

Idan haka ta faru, duka da tonon silili a gaban ƙanne ba sa haifar da komai sai ƙarin ɓoyo. A samu wanda yaron ke sakin jiki da shi, kawu ko yaya ko malamin da yake girmamawa, a zauna da shi a keɓe. A kai shi asibiti, a faɗa wa likita ƙarara abin da ake zargi da sunansa, domin gwajin ƙwaya na yau da kullum ba ya nuna sitiroyid, kuma likita zai so ya duba hanta da hawan jini da zuciya. Kada a bar shi ya daina shi kaɗai a ɗaki, kada kuma a ɗauke ido daga kansa a watannin da ke biyo baya. Idan ya fara maganar cewa rayuwa ba ta da amfani, a ɗauke ta da gaske a koma wurin likita a ranar.

Sannan a tambaye shi wanda ya ba shi, da su wa suke sha tare. Mai sayar wa yaro ɗaya yana da sauran abokan ciniki a tawagar, kuma iyayensu ba su sani ba. A sanar da shugaban makaranta, a kai maganar mai sayarwar ofishin NDLEA mafi kusa, ko da kuwa shi ne kocin da ya ciyo wa makarantar kofi.